Yadda Za Ka Gane Cutar Toshewar Huhu, Ka Tsare Numfashin da Ya Rage

A Sakkwato, in dattijo ya fara tsayawa sau biyu ko uku tsakanin gida da masallaci don ya maida numfashi, ba a cika ɗaukar abin da zafi ba. Ka tambaye shi, sai ya ce maka, "Ai tsuhwa na." In tsohuwa ta yi shekaru tana tari da asuba, sai a ce sanyi ne, a dafa mata citta da kanumfari. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah wata cuta ce ke cin huhunsu a hankali, wadda likitoci ke rubutawa a kati da haruffa huɗu, COPD, wato cutar toshewar huhu mai daɗewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 cutar ta kashe kimanin mutum miliyan 3.5, ita ce ta huɗu cikin cututtukan da suka fi kisa a duniya. Kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda ta kashe kafin su kai shekara 70 kuwa a ƙasashe irin namu suke, masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi.

Gara a faɗi mai ɗacin tun yanzu: abin da wannan cuta ta lalata a huhu ba ya dawowa. Babu allura, babu jiƙo, babu asibitin Indiya ko Masar da zai mayar da shi. Duk aikin da ke gabanmu na tsare abin da ya rage ne, kuma wanda ya gane da wuri shi ke da abin tsarewa mai yawa.

Da farko, san abin da ke faruwa a cikin ƙirjin

Iskar da ka shaƙa tana bin maƙogwaro ta sauka cikin bututu, bututun ya rabu biyu, kowane ya yi ta rarrabuwa har ya zama ƙananan hanyoyi sirara ƙwarai. A ƙarshensu akwai 'yan jakunkunan iska sama da miliyan 300, a nan ne oksijin ke shiga jini, gurɓatacciyar iska kuma ta fita. Hayaƙi da ƙura, in suka yi shekaru suna shiga, ɓarna biyu suke yi. Suna kumbura bangon hanyoyin, su ƙuntata su, su sa su yi ta zubo da kaki. Suna kuma yayyaga 'yan jakunkunan, su kashe musu laushin da ke sa su matse da kansu.

Duba zugazugin maƙeri. In fatarsa na da laushi, ka danna iska ta fita, ka saki ta shiga. In fatar ta saki kuma bakin ya toshe rabi, kana dannawa amma iska na maƙale a ciki. Haka huhun mai wannan cuta yake: wahalarsa ta fi yawa wajen fitar da iska. Tsohuwar iska ta tare wuri, sabuwa ta rasa inda za ta shiga. Shi ya sa za ka ga ƙirjin wasunsu ya bunƙasa kamar kullum a cike yake, alhali suna kukan iska ba ta isar su. Riƙe wannan da kyau, don shi zai sa dabarar numfashin da ke tafe ta yi maka ma'ana.

Sannan ka nemo hayaƙin da ya jawo ta

Kowa ya san taba sigari, kuma a ƙasashen Turai da Amurka ita ke da alhakin sama da kashi 70 cikin 100 na masu cutar. A ƙasashe irin namu kason taba bai wuce 30 zuwa 40 ba. Sauran fa? Babban ɓangare yana cikin gida, a gindin murhu.

Matar da aka aurar tana budurwa, ta yi shekara talatin ko arba'in tana hura wutar itace, kara ko kashin shanu a ɗakin girki marar taga, idonta na hawaye safe da yamma, ta shaƙi hayaƙin da zai iya yi mata ɓarnar da taba ke yi wa mai shanta, ko da ba ta taɓa riƙe kara ɗaya na sigari ba. Wannan ne ya sa ake yawan kuskure cutar ga mata. Ba wanda ke kawo ta a rai, har wasu ma'aikatan lafiya, don ana ganin ta cutar mashaya taba ce. Mai tuyar masa, mai ƙosai a bakin titi, mai tsire da balangu, mai gasa kifi, mai gidan burodi na itace, mai ƙona gawayi, duk layi ɗaya suke. Haka masu shaƙar ƙura a wurin aiki: masu sussuka da shiƙa, masu injin niƙa, masu lodin siminti, masu fasa dutse, kafintoci.

Akwai kuma abin da bai shafi sana'a ba. Wanda ya taɓa yin tarin fuka, wato tibi, ko da ya warke, huhunsa na iya zama da tabon da zai toshe hanyoyin iska daga baya. Wanda ya yi asma tun yana yaro ba a kula da ita ba, shi ma haka. Huhun mutum kan kammala girma wajen shekara 20 zuwa 25, don haka yaron da ya tashi cikin hayaƙi, ko ya sha fama da ciwon sanyin haƙarƙari da rashin abinci mai gina jiki, yana iya shiga girma da huhun da bai cika ba. Ku tuna da jaririn da ke goye a baya lokacin da uwarsa ke sunkuye tana hura wuta. Kaɗan daga cikin masu cutar kuma gado ne, jikinsu ba ya yin wani sinadari da ke kare huhu, irinsu kan kamu tun ba su kai arba'in ba.

Ka zauna da mai tarin ka lissafa: shekara nawa yana shan taba, kara nawa a rana, shekara nawa tana girki da itace, a ɗaki ko a tsakar gida, wace sana'a, an taɓa shan maganin tibi ko a'a. Likita zai tambaye ku waɗannan duka.

Alamomin da za ka duba, da cututtukan da ke kama da ita

Alamu uku ne manya: tari mai daɗewa, kaki musamman da asuba, da haki in an motsa. Wani zai ƙara da shewa a ƙirji da yawan gajiya. Yawanci bayan shekara 40 take bayyana, kuma a hankali take tafiya, har mutum ya riƙa rage harkokinsa bai sani ba. Ya daina zuwa Tsohuwar Kasuwa da ƙafa ya koma hawa kabu-kabu, ya bar wa yara gona, ta daina daka, ta daina jan guga. In ka tambaye ta ko tana haki sai ta ce a'a, don ta bar duk abin da ke sa ta hakin. Saboda haka ka canza tambayar. Ka ce, "Inna, wane aiki kike yi bara da bana kika bari?" Ko, "Baba, in kuna tafiya da abokanka, su ke jiran ka?" Wanda ke haki wajen wanka ko sa riga, cutar ta yi nisa.

Tarin da ke zuwa da kaki yawancin ranaku, wata uku a shekara, shekara biyu a jere, likitoci na ɗaukar sa alama mai ƙarfi.

Sai dai ba kowane tari da haki ne wannan cuta ba, kuma kuskuren rarrabewa yana da tsada. Asma galibi tun ƙuruciya take farawa, tana tashi tana kwantawa, tsakanin tashi da tashi mutum lafiyarsa lau. Toshewar huhu ba ta ba da irin wannan hutu. Tibi na zuwa da zazzaɓin yamma, gumin dare, rama, wani lokaci da jini a kaki, tana yaɗuwa ga mutanen gida, amma tana warkewa da maganin wata shida. Ciwon zuciya na kumbura ƙafafu, ya hana mutum kwanciya a miƙe sai ya tara matasai. Ƙarancin jini ma na sa haki. Mutum ɗaya na iya haɗa biyu ko uku daga ciki. Ita toshewar huhu ba a ɗaukar ta daga wani, don haka babu dalilin ware wa mai ita kwano ko ɗaki, muddin an tabbatar ba tibi ba ce.

Je asibiti ka nemi gwaji biyu

Na farko gwajin kaki. Duk tarin da ya kai mako biyu a ƙasar nan, a fara cire tibi daga lissafi. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin tibi na gwamnati, kuma ana samun su a asibitocin ƙananan hukumomi, ba sai an shigo cikin gari ba.

Na biyu shi ne wanda ke tabbatar da cutar: gwajin hura iska a na'urar auna numfashi, sifirometa. Za a ba ka bututu, ka cika ƙirji da iska, ka hura da iyakar ƙarfinka har sai ka ji babu saura. Za a maimaita aƙalla sau uku, a ba ka maganin shaƙa, a jira kamar minti 15, a sake. Na'urar na auna iskar da ta fita a daƙiƙar farko, ta gwada da dukan wadda ta fita. Mai lafiyayyen huhu yana fitar da mafi yawanta a daƙiƙar farko. In bayan magani abin da ya fita a daƙiƙar farkon bai kai kashi 70 cikin 100 ba, toshewar ta tabbata. Daga nan ake duba nisanta, a kwatanta iskar da ka fitar a daƙiƙar farko da ta lafiyayyen sa'anka mai tsawonka: kashi 80 zuwa sama mai sauƙi ce, 50 zuwa 79 matsakaiciya, 30 zuwa 49 mai tsanani, ƙasa da 30 mai tsanani ƙwarai.

Ba kowane asibiti ke da na'urar ba. In kana Illela, Gwadabawa, Wurno ko Tambuwal, ka nemi takardar turawa zuwa babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ka ce likitan ƙirji kake son gani. Hoton ƙirji yana da amfani wajen gano tibi, ciwon zuciya ko wani ƙari, amma shi kaɗai ba ya tabbatar da toshewar huhu, kuma hoto na iya fita lafiya alhali cutar na nan. Ranar gwaji kada a cika ciki da tuwo, kada a sha taba, a sa tufa mai sakewa, a tafi da duk magungunan da ake sha a leda, har da na gargajiya.

Kashe hayaƙin: wannan ya fi kowane magani

In mai taba ne, barin ta shi ne babban abin da aka tabbatar yana rage saurin lalacewar huhunsa, kuma ko yana da shekara saba'in bai makara ba. Rage kara ashirin zuwa biyar bai wadatar ba. Ya sa rana, ya faɗa wa iyali da 'yan majalisarsu, ya zubar da sauran kwalin da ashana. Makon farko ne mafi wuya: fushi, rashin barci, ciwon kai, ƙwaɗayin da ke zuwa ya yi 'yan mintoci ya wuce. Yawancin wannan kan lafa cikin mako biyu zuwa huɗu. Akwai cingam da filasta masu nikotin, sinadarin da ke sa ƙwaɗayin taba, da ke sauƙaƙa wa mutum, a tambayi likita ko mai harhaɗa magani. Azumin Ramadan dama ce babba, tunda an riga an saba da wuni babu ita. Wanda ya bari ya koma, ya sake sa wata rana, yawancin waɗanda suka rabu da taba ba a karon farko suka rabu ba. Shisha da matasa suka runguma ba sauƙi ba ce, hayaƙi ne kamar kowane, ga kuma na gawayin da ke kanta. Dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sha a wuraren taruwar jama'a, amma dokar cikin gida mai gida ke kafa ta: ba a sha a ɗaki, ba a sha a zaure.

Maganar murhu ta fi wuya, don ba za ka ce wa mace ta daina girki ba, kuma cewa "ku koma gas" abu ne mai sauƙi a baki. Wanda ke da hali ya saya, a ganina tukunyar gas ta fi cancanta a kayan gida da wasu tarkacen da ake jerawa. Wanda ba shi da hali, akwai abin yi tun yau. A fitar da murhu daga rufaffen ɗaki zuwa rumfa mai buɗaɗɗen gefe, ko a fasa taga ta sama da wata a ɗaya bangon don iska ta ratsa. A busar da itace sosai, ɗanye shi ne uwar hayaƙi. A daina kunna wuta da leda, roba ko tsohon silifa, wannan guba ce zalla. A rufe tukunya, a jiƙa wake tun dare, don wuta ta rage daɗewa. A yi amfani da mafici, a bar sunkuyawa ana hurawa da baki. Mai girki ta zauna ta inda iska ke fitowa, a sauke goyo a ba wani ya riƙe nesa. Murhun zamani mai cin itace kaɗan ya fi duwatsu uku, ko da bai kai gas ba. In kuma an riga an tabbatar wa uwar gida da cutar, to girki ya koma hannun wasu, kuma wannan magana ce da mai gida ya kamata ya yanke, kada a bar ta da kunyar faɗa.

Sauran hayaƙin gida: maganin sauro na kunnawa a maye shi da gidan sauro, turaren wuta a yi shi lokacin da majinyacin ba ya ɗakin a kuma buɗe ƙofa, janareto a nisanta shi da taga, shara a daina ƙona ta a ƙofar gida. Kaskon garwashi a rufaffen ɗaki lokacin ɗari kuwa ko mai lafiya yana iya kashewa, don gawayi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari.

Koyi shaƙar magani yadda ya kamata

Maganin wannan cuta na shaƙa ne, inhela. Mutanenmu na gudun ta, wai in ka fara ba ka bari, wai sai ciwo ya ci ƙarfin mutum ake ba shi. Babu ɗaya da ke gaskiya. Inhela na kai ɗan magani kaɗan kai tsaye cikin huhu, ƙwayar salbutamol ta haɗiya kuwa, mai buɗe hanyar iska, sai ta zaga jini duka, shi ya sa ta fi sa rawar hannu da bugun zuciya.

Iri biyu ne a taƙaice. Akwai ta gaggawa, salbutamol, wadda aka fi sani da Ventolin, mai buɗe hanya cikin mintoci, aikinta ya kai awa huɗu zuwa shida. Akwai ta kullum, irin su tiotropium, formoterol da salmeterol, mai riƙe hanya a buɗe awa 12 ko 24, ana shaƙar ta ko ana jin daɗi ko ba a ji. Wasu ana haɗa musu da sitiroyid na shaƙa, maganin rage kumburin hanyoyin iska, musamman masu yawan tashin ciwo ko masu asma a haɗe. Likita ke zaɓa.

Ga yadda ake shaƙar ta fesawa. Ka zauna a miƙe, ka cire murfi, ka girgiza. Ka fitar da numfashi a hankali gefe guda. Ka sa bakinta tsakanin haƙora, ka rufe leɓe. Ka fara jan iska a hankali, kana cikin ja sai ka danna sau ɗaya, ka ci gaba da ja har ƙirji ya cika. Ka cire, ka riƙe numfashi ka ƙirga goma in za ka iya, sannan ka saki. In fesawa biyu aka ce, ka jira kamar rabin minti, ka sake girgizawa, ka maimaita. In ka ga hayaƙin magani na fita ta baki ko hanci, ya tafi a banza.

Haɗa dannawa da jan iska yana ba tsofaffi wahala. Maganinsa bututun da ake sa wa tsakanin baki da inhela. In babu na saya, tsabtatacciyar gorar ruwa ta roba mai rabin lita tana yi: a huda gindinta daidai bakin inhela, a cusa ta matse, a sa bakin gorar a baki, a fesa sau ɗaya a ciki, a yi numfashi huɗu zuwa biyar a hankali. Inhela mai garin magani kuma, wadda ake sa wa ƙwanso ko a murɗa, akasin haka ce, da ƙarfi da sauri ake jan ta, kuma ƙwanson ba na haɗiya ba ne. Duk wadda ke da sitiroyid, a kurkure baki a zubar bayan an shaƙa, don kada baki ya yi fari-fari. Zafin Sakkwato na watan Afrilu, da ke haura digiri 40, ba ya yi wa inhela daɗi, kada a bar ta cikin mota ko a rana. Duk zuwa asibiti ka shaƙa a gaban ma'aikacin jinya ya gyara maka, wannan ba abin kunya ba ne.

A guji abu uku na kemis. Ƙwayoyin sitiroyid, prednisolone da dexamethasone, suna sa mutum ya ji sauƙi nan take, sai ya mayar da su na kullum, su kuwa su jawo masa ciwon suga, hawan jini, kumburin fuska da raunin ƙashi. Amfaninsu na 'yan kwanaki ne, kamar biyar, lokacin tashin ciwo, bisa umarnin likita. Maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana yi da shigowa da shi a 2018, da tramadol da ƙwayoyin barci, suna danne numfashi, ga mai wannan cuta suna iya zama ajali. Sai maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake sha duk lokacin da aka yi tari, har ranar da ake buƙatar sa ya ƙi aiki.

Game da azumi, malamai sun yi saɓani kan inhela ta fesawa, da yawa sun ce ba ta karya shi. Ka tambayi malaminka, ka kuma tambayi likita ko za a iya mayar da ta kullum zuwa sahur da buɗa-baki. Wanda numfashi ya sarƙe masa da rana ya shaƙa, addini ya ba marar lafiya rangwame, haka ya halatta masa sallah a zaune.

Dabarar numfashi, tafiya da abinci

Tunda fitar da iska ce matsalar, ga dabarar: ka ja ta hanci kana ƙirga biyu, ka tsuke leɓe kamar mai hura koko mai zafi, ka sake ta a hankali kana ƙirga huɗu. Tsuke leɓen na riƙe ƙananan hanyoyin a buɗe har tsohuwar iska ta samu fita. Ka saba da ita kana zaune lafiya, don ta zo maka da kanta ranar da ka rikice. In haki ya taso, ka zauna ka ɗan sunkuya gaba, ka dafa gwiwoyi, ka saki kafaɗu. Iskar mafici ko fanka a fuska tana rage jin sarƙewa. Wajen fitar da kaki, maimakon tari mai yayyaga ƙirji, ka ja iska, ka buɗe baki ka ce "haa" da ƙarfi sau biyu ko uku, sannan ka yi tari ɗaya.

Babban tarkon cutar zama wuri ɗaya ne. Mutum na haki sai ya daina motsi, naman ƙafafu ya saki, hakin ya ƙaru, ya ƙara zama. 'Ya'ya masu tausayi su ke ƙara dagula abin da "Baba, zauna, bari a kawo maka." Ku bar shi ya tashi. Ya fara da tafiyar minti biyar, ya tsaya ya huta, ya ƙara, har ya kai minti 20 zuwa 30 yawancin ranakun mako. Ma'auninsa ya yi haki amma yana iya magana. Tashi da zama daga kujera sau goma, ɗaga gorar ruwa da hannu, duk motsa jiki ne. In asibiti na da sashen gashi da motsa jiki, a nemi a koya masa shirin masu ciwon huhu na mako shida zuwa takwas, amfaninsa ga haki ba ya ƙasa da na magani.

Numfashi da wahala yana cin ƙarfi, shi ya sa wasu ke ramewa. Cika ciki lokaci guda kuma yana tokare huhu daga ƙasa. A raba abinci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida: fura da nono, ƙosai, alale, ƙwai, kifi, gyaɗa, zogale. A sha ruwa sosai don kaki ya tsinke, sai dai in likita ya taƙaita saboda zuciya ko ƙoda. A tambayi allurar rigakafin mura mai tsanani da ta ciwon sanyin haƙarƙari, inda ake samun su.

Hunturu da ranar da ciwo ya tashi

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke rufe gari, shi ne lokacin da masu wannan cuta suka fi shan wuya. A tanadi inhela tun Oktoba. Ranar da ƙura ta yi kauri a rage fita, in an fita a sa takunkumi mai kama fuska sosai, rawani ko mayafi ba sa tare ƙura mai laushi. A yayyafa ruwa kafin shara, majinyacin kuma ya bar wurin. Mai mura ya yi gaisuwarsa daga nesa.

Tashin ciwo shi ne ka ga cikin kwana ɗaya ko biyu haki ya fi na kullum, kaki ya ƙaru, ko launinsa ya koma ruwan ɗorawa ko kore. Kada a ce bari a ga gobe. A ƙara inhela ta gaggawa yadda likita ya tsara tun farko, a je asibiti a ranar, don kowane tashi mai tsanani na iya tafiya da wani ɓangare na huhun da ba zai dawo ba. Amma in mutum ya kasa haɗa jimla ɗaya ba tare da ya tsaya ba, ko leɓensa da harshensa sun yi duhu, ko ya rikice, ko barci na fizgar sa ba a iya tashe shi sosai, ko ƙirji na ciwo, ko ya yi tarin jini, wannan na gaggawa ne ko da tsakar dare. A ɗauke shi a zaune, kada a kwantar da shi, a ci gaba da ba shi inhela a hanya.

A asibiti ku faɗa da bakinku cewa yana da COPD, don oksijin ɗinsa daban ne da na sauran mutane. Ana son ɗan abin da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin na jini ya nuna tsakanin 88 da 92. In aka wuce haka, wasunsu gurɓatacciyar iska kan taru musu a jini har su suma, don haka kada ɗan jinya ya murɗa kan silinda da kansa wai don tausayi. Ku sani kuma na'urar yatsan na iya nuna adadin da ya ɗan fi na gaskiya ga mai baƙar fata, yatsa mai sanyi ma yana ruɗa ta, saboda haka yanayin majinyacin ya fi lambar muhimmanci. Wanda aka rubuta wa oksijin na gida, aƙalla awa 15 a rana ake so kafin ya yi amfani, kuma ba a kusantar sa da taba, murhu ko kasko.

Kafin a sallame ku, ku sa likita ya rubuta muku a takarda ɗaya: sunan inhela ta kullum da lokacinta, fesawa nawa ta gaggawa in ciwo ya tashi, da ranar dawowa, wadda bai kamata ta wuce wata ɗaya ba. A ajiye takardar tare da katin asibiti da sakamakon gwajin hurawa a inda kowa a gidan ya sani, a kuma samu lambar mai mota ko mai keke-napep ɗin da za a iya tasa cikin dare.